Yadda nike ma Inna tausar tafin ƙafa ta rifleksoloji har barci ya kwashe ta

Kullum bayan sallar isha'i in an kwashe kwanonin tuwo, Inna sai ta miƙe ƙafafu bisa tabarma a tsakar gidanmu nan unguwar Mabera cikin Sakkwato ta ce, "Ke ɗiyag ga, zo ki matsa min ƙahwag ga, yau ta dame ni." Tun ina ƙarama nike yi mata, irin matsar nan tamu ta gida, a damƙa nan a damƙa can har hannu ya gaji a ce an gama. Wajen shekara biyu ke nan da na koma bin tsarin da Turawa ke ce ma rifleksoloji, wato bin tafin ƙafa wuri-wuri da babban yatsan hannu ana dannawa a hankali, kuma na ga bambanci sosai, ita tana saurin yin barci ni kuma hannuna ya daina ciwo in na ƙare. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda nike yi daki-daki, amma da gaskiyar abin gaba ɗaya, don akwai maganganun da ake jingina ma tausar nan waɗanda ban yarda a riƙa faɗa ma mutanenmu ba. Zan riƙa cewa "ki" don da mata 'yan'uwana na saba zancen, maza ku ma naku ne, ɗa ya yi ma babanshi, miji ya yi ma matarshi.

Abin ba daga nan ya taso ba, daga Amurka ne. Wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro mai suna William Fitzgerald shi ya fito da shi wajen 1913, ya ce jikin mutum ya kasu layi 10 a tsaye tun daga kai har ƙasa, biyar dama biyar hagu, kowane layi yana ƙarewa ga yatsa guda na hannu da na ƙafa, in ka danna wani wuri cikin layi to sauran layin zai ji. A 1917 shi da Edwin Bowers sunka fitar da littafi kan haka. Daga baya wata mata Eunice Ingham cikin shekarun 1930 ta tattara abin ta maida shi ga ƙafa, ta zana jikin mutum duka bisa tafin ƙafa kamar taswira, littafinta ya fito a 1938, kuma taswirorin da kike gani cikin waya masu launi-launi an rubuta hanta nan ƙoda can, yawanci daga nata sunka samo asali. Masu sana'ar suna son nuna wani zane da ke bangon kabarin Ankhmahor a Sakkara ta ƙasar Masar, wanda ya haura shekara 4,000, inda ake ganin mutane zaune ana riƙe da hannuwansu da ƙafafunsu. Zanen gaskiya ne yana nan, amma abin da ya nuna shi ne kula da ƙafa tsohon abu ne, babu taswirar hanta a jikinshi.

To ga inda nike son ki natsu. Masu rifleksoloji na cewa in an danna wurin hanta a ƙafa hanta za ta gyaru, in an danna wurin ƙoda za ta wanke. Wanga zance ba a tabbatar da shi ba. Masu ilimin sassan jiki ba su san wata jijiya da ta taso daga tsakiyar tafin ƙafa ta tafi hanta kai tsaye ba, kuma su kansu taswirorin ba su dace da juna ba, ki ɗauko biyu ki jera za ki ga wata ta sa zuciya nan wata ta gusa da ita. A 2009 wani farfesa Edzard Ernst ya tattara gwaje-gwaje 18 da anka yi kan tausar, ya ce babu gamsasshiyar hujja cewa tana warkar da wata cuta, a 2015 kuma gwamnatin Ostareliya ta fitar da sakamakon binciken da ta sa anka yi kan irin waɗannan hanyoyin jinya, ita ma rifleksoloji tana cikin waɗanda ba a samu hujja bayyananna a kansu ba. Saboda haka duk wanda ya ce miki zai danna ƙafar Baba ya gano cutar da ke cikinshi, ko ya ce a aje maganin hawan jini ko na suga a koma tausa, ki kama hannun Baba ku fita. Raina yana ɓaci ƙwarai in na ji irin haka don tsofaffinmu ne ke cutuwa, su da sun riga sun gaji da shan magani, kaɗan suke jira a ce su bari.

Abin da tausar ke yi kuwa, kuma shi ne nike yi dominshi, tana sa jiki ya saki. Jijiyoyin da ke tafiyar da bugun zuciya da numfashi ba da saninmu ba kashi biyu ne, akwai masu zaburar da jiki in an shiga tsoro ko damuwa ko hayaniya, akwai masu kwantar da shi su maida shi ga hutu da narkar da abinci. Mutum in ya kwanta wuri shiru, wani wanda ya amince da shi yana taɓa shi a hankali da ƙarfi daidai, yana jan numfashi mai tsawo, jikin yana karkata ga kashi na biyun, numfashi ya lafa, kafaɗu su sauka. Ga kuma ita ƙafar kanta, ƙashi 26 ne cikin ƙafa guda da gaɓoɓi 33 da tsoka da jijiyoyi sama da 100, su ke ɗauke da nauyin mutum tun asuba, kuma fatar tafin ƙafa tana cikin wuraren da sunka fi jin taɓi a jiki. Sannan kin san yadda yaro in ya buge sai ki murza mashi wurin ya ji sauƙi, masana biyu Melzack da Wall sun yi bayanin haka tun 1965, cewa saƙon taɓi da murza yana rage ƙarfin saƙon zafi kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Wannan kaɗai ya isa dalilin yin tausar. Taswirar kuwa ni ina amfani da ita a matsayin hanya, tana hana hannuna yawo, tana sa in bi ƙafar duka ban tsallake ko'ina ba.

Kafin ki taɓa ƙafar kowa

Ki duba ta da haske, ko da tocilar waya ce. In akwai rauni, ko ƙuna, ko maruru, ko faso da ya tsage har yana jini, ko tsakanin yatsu ya yi fari yana saɓa yana ƙaiƙayi, a bari sai ya warke. In an samu targaɗe ko karaya kwanan nan, ko gaɓar babban yatsa ta kumbura ta yi zafi ko zane ba a son ya taɓa ta, ba a tausa. Mai zazzaɓi a bar shi ya sha magani tukuna. Mai sikila in ciwon ya tashi asibiti za a nufa.

Biyu ne nike son ki riƙe da kyau don su ne masu haɗari. Na farko, in ƙafa ɗaya tak ta kumbura, sharaɓa tana ciwo ta yi ɗumi, musamman ga mai ciki ko mai jego ko wanda anka yi ma aiki ko wanda ya sha doguwar tafiya zaune, irin motar Legas zuwa Sakkwato da ake kwana a hanya, to yana iya zama jini ne ya daskare cikin jijiya, kuma in an murza gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu, a nan rai ake magana. Kada ki taɓa, a tafi asibiti ranar. Na biyu mai ciwon suga. Suga in ya daɗe yana kashe jin ƙafa, mutum ya taka ƙaya ko ruwa ya ƙone shi bai sani ba, kuma rauninsu ba ya saurin warkewa, don haka ba a jiƙa masu ƙafa cikin ruwan zafi, ba a sa masu mai tsakanin yatsu, ba a danna da ƙarfi, kuma sai an tambayi likitanshi kafin a fara. Mai ciki ita ma ta tambaya wurin awo, in kuwa ƙafafunta duka sun kumbura ga ciwon kai ko ganin dishi-dishi, wannan na gaggawa ne. Wanda ke shan maganin tsinka jini shafa kawai za a yi mashi don jini na saurin taruwa ƙarƙashin fatarshi.

Shiri

Ba a buƙatar komai na tsada. Roba da ruwa mai ɗumi wanda in kin tsoma gwiwar hannu ba ki ji zafi ba, tawul ko tsohon zane mai tsabta, matashi guda biyu, da ɗan mai. Ni man kaɗanya nike sawa, musamman da hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin da kaushi da faso ke addabar kowa, in babu man zaitun ko basilin ma sun yi. Da bazara kuwa, watan Afrilu da Mayu da zafin garin nan ke haura 40, ruwan randa nike ɗiba don babu mai son ɗumi a lokacin, kuma man ɗan kaɗan nike lakata saboda zufa. Ki yanke farce tas, na babban yatsa musamman, ki cire zobe. A bar abinci ya ɗan faɗa, kamar awa guda bayan tuwo.

Ta jiƙa ƙafa minti 5 zuwa 10, ki tsane ta sosai har tsakanin yatsu. Sai ta kwanta rigingine, matashi ɗaya ƙarƙashin kai ɗaya ƙarƙashin gwiwoyi don baya ya huta, ke kuma ki zauna wajen ƙafafun ki ɗora wadda za ki fara bisa cinyarki, ɗayar a rufe ta da zane. Ki gyara zamanki tun yanzu, in kin duƙa da yawa ke ce za ki tashi da ciwon baya. Waya a kife, yara a ce su je ɗaki, rediyo a rage.

Tausar kanta

Ki fara da dama. Ki murza man a tafin hannunki ya narke, ki kama ƙafar da hannu biyu ki riƙe kawai ba motsi kamar numfashi uku, don ta saba da hannunki. Masu jin cakulkuli nan ake rasa su, maganin kuwa shi ne riƙo mai ƙwari, taɓi sama-sama shi ke kawo cakulkuli. Daga nan ki shafa daga yatsu zuwa idon sawu ki dawo, sau biyar ko shida, sai ki tallafi dunduniya da hannu ɗaya ki kama saman ƙafar da ɗayan ki juya idon sawu a hankali, sau biyar ta nan sau biyar ta can, iya inda gaɓar ta yarda.

Yanzu sai babban abin, wanda in kin iya shi kin iya rifleksoloji, ana ce mashi tafiyar babban yatsa. Ki ɗora gefen kan babban yatsanki bisa fata, ki ɗan lanƙwasa gaɓar farko ya danna, ki ɗan miƙe ta ya gusa gaba kaɗan kamar faɗin ƙwayar gero biyu, ki sake lanƙwasawa, haka haka kamar tafiyar tsutsa, yatsan ba ya ɗagawa daga fata kuma gaba kawai yake tafiya. Sauran yatsunki huɗu suna bayan ƙafar sun tallafe, ɗayan hannun yana riƙe da yatsun ƙafa. Ki fara gwadawa bisa damtsenki kwana biyu kafin ki yi ma wani. Farkon farawata da ƙarfin yatsa nike dannawa, Inna tana haƙuri ba ta faɗa ba sai da na ga tana janye ƙafa, na ji ba daɗi sosai ranar, tun daga nan na koyi sako nauyin kafaɗa a hankali maimakon matse yatsa, kuma ina tambaya, "Inna ya yi ko in rage?" Ƙa'idar ita ce ta ji dannawar ta shige ta amma ba ta yamutsa fuska ba. In ta riƙe numfashi kin wuce gona da iri.

Ki fara da yatsu, su ne a taswira anka ce kai da wuya. Babban yatsan ƙafa ki bi cikinshi da tafiyar tsutsa daga gindi zuwa sama layi uku ko huɗu, ki zagaye gindinshi, sai sauran yatsun ɗaya bayan ɗaya, ki murza kowane tsakanin yatsunki biyu ki ɗan ja shi a hankali. Ba a fizga don a ji ƙas, wannan ba ya cikin aikin.

Sai tudun nan da ke ƙasan yatsu, wanda sunka ce ƙirji da huhu. Nan nike daɗewa don nan nauyi ke sauka ga mai yawan tafiya, kuma Inna ba ta zama, daga shara sai girki sai jikoki sai zuwa barka da gaisuwa a ƙasa cikin silifas wanda ya suɗe. Ki ɗan tura yatsun baya da hannu ɗaya tudun ya buɗe, ki bi shi daga ƙasa zuwa sama tsakanin kowane ƙashi da ɗan'uwanshi, layi huɗu, ki sake bi a gicciye. Wani lokaci za ki ji wani abu gurus-gurus ƙarƙashin yatsanki, masu sana'ar na cewa wai datti ne ya taru yana nuna cuta a wata gaɓa, kada ki tsorata kowa da wanga zance, ƙafa ce mai aiki, ki ɗan zagaya wurin a hankali ki wuce.

A ƙasan tudun daidai tsakiya, in kin matse ƙafar daga gefe da gefe za ki ga wani ɗan rami ya fito. Wurin nan shi na fi so duk cikin tausar. Ki sa babban yatsa ciki, ki ce ta ja numfashi ta hanci a hankali ke kuma kina dannawa, ta sake shi ta baki a hankali fiye da yadda ta ja ke kina sassautawa, sau biyar. Ke ma ki bi numfashin tare da ita. Yawanci a nan ne hirar Inna ke yankewa, tana cikin ba ni labarin wadda ta haihu a unguwa sai in ji maganar ta fara ja, kuma ni a ganina rabin aikin numfashin ne ke yin shi.

Daga nan sai kwarin tsakiyar ƙafa, wurin da ba ya taɓa ƙasa in an taka, a taswira nan ne tumbi da hanji, hanta a ƙafar dama, saifa a ta hagu. Fatar nan tana da laushi, ki rage ƙarfi, ki bi a gicciye layi-layi daga ciki zuwa waje har ki iso dunduniya. In mutum yana fama da ciwon dunduniya irin wanda ke tsananta ga takun farko da safe, kada ki nutsa yatsa a wurin, shafa ya isa, kuma ya je sashen gashin ƙashi a duba shi.

Dunduniya fatarta kauri gare ta, yatsa zai gaji a banza, sai ki dunƙule hannu ki yi amfani da gaɓoɓin yatsu kina zagayawa. Ki matsa agara tsakanin yatsa biyu daga ƙasa zuwa sama a hankali, ki zagaye idon sawu ciki da waje. Sannan gefen ƙafa na ciki, tun daga dunduniya har gindin babban yatsa, shi anka ce ƙashin baya saboda lanƙwasarshi ta yi kama da ta baya, ki hau da tafiyar tsutsa ki sauko sau biyu ko uku. Ki juya saman ƙafar ki bi ramukan da ke tsakanin ƙasusuwa da yatsan manuni, wurin ba tsoka sosai don haka a hankali. Ki rufe da irin shafar da kika buɗe da ita, kowace ta fi ta baya sauƙi, ki riƙe ƙafar shiru, ki rufe ta da zane ki koma ta hagu ki bi yadda kika bi.

Minti 10 zuwa 15 kowace ƙafa ya wadatar a gida, masu yin ta a matsayin sana'a su kan kai minti 30 zuwa awa guda. Ga tsoho tukuf ko yaro ki taƙaita ki sassauta. Sau biyu ko uku a sati ya yi, mu dai kusan kullum ne don ta saba, amma ranar da na gaji gajeruwa nike yi, yatsu da ɗan ramin nan da dunduniya kawai.

In an gama kada ta zabura ta miƙe, ta juya gefe ta zauna ɗan lokaci don wani yana jin jiri in ya tashi da sauri, musamman mai shan maganin hawan jini. Ki goge man da ya rage a tafin ƙafa tas, mai da siminti ko tayil ga tsohuwa za ta kewaya cikin dare, santsi ne ke jira, ni har safa nike sa mata da hunturu. Ta sha ruwa in tana so. Za ki ji ana cewa ruwan na fitar da dafin da tausa ta tayar, babu wani dafi, garinmu ne dai mai sa ƙishirwa. In washegari wuri ya yi tsami kaɗan to an danna da yawa ne, a rage. In kuwa rashin barcin ko damuwar ta daɗe sati da sati, ko ƙafar tana dindiris ko zafi kamar barkono cikin dare, a je a auna suga da jini a ga likita, tausar ta ci gaba a gefe in ya yarda.

Wadda ba ta da mai yi mata za ta iya yi ma kanta, ki zauna bakin gado ki ɗora ƙafa bisa gwiwa ki bi tsarin nan, ko ki sa kwalbar lemu ƙasa ki riƙa mirgina ta da tafin ƙafa minti biyu-biyu, da bazara ki cika ta da ruwan sanyi. A tafin hannu ma ana yi, tsakiyar tafin da gindin babban yatsa da kowane yatsa, ko kina zaune cikin aji ko shago. Ba ya kai daɗin wanda wani ya yi maki gaskiya, don kina aiki ne kina son hutu lokaci guda, shi ya sa na koya ma ƙanwata muke musanya, ran Juma'a ita ke yi min.

Jiya ma ban kai ga dunduniyar hagu ba Inna ta yi barci da tazbaha a hannu. Na ƙarasa a hankali, na goge man, na ja mata zane, sai da na ɗauki robar ruwan za ni zubarwa ta buɗe ido ta ce, "Allah shi yi miki albarka, gobe ki hwara da ta hagun, ita ta hi ciwo."